Ranar da Inna Jaratu Ta Cike Kogin Isa

Shekarata goma sha ɗaya ina darakta a lakwal, wato makarantar boko, ta Dutsin Ango, wani ƙauye da ke maƙale a gindin tudu can bayan Ibohaman, kuma na ga malamai iri-iri. Na ga mai bulala, na ga mai gyangyaɗi, na ga wanda ya zo ranar Litinin ya dubi duwatsunmu ya koma ranar Talata ko sallama babu. Amma irin Madam Zuhura ban taɓa gani ba. In za a bi gaskiya, farkon zuwanta ni ma ina cikin masu tambaya ko kanta ɗaya kuwa.

'Yar Madawa ce. Mahaifinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa zuwa Kwatano. In ya dawo daga tafiya, kafin ya wanke ƙafa ma, sai ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ɗebo albasa ya jera a ƙasa: wannan Konni, wannan Dogon Dutsi, wannan Doso, wannan Gaya, nan kuma gada. Ya miƙa mata gwangwanin kifi ya ce ta tuƙa. In ta ɓata hanya, ya dafe kai ya ce ta jefa masa mota a rami, ya hau kukan ƙarya har mahaifiyarta ta kore su daga bakin murhu. Haka ta san hanyar Kwatano tun ba ta iya rubuta sunanta ba. Allah ya yi masa rasuwa shekarar da ta shiga makarantar horar da malamai ta Tawa. Ta ce mini bai bar mata gona ba, bai bar mata mota ba, amma ya bar mata hanya.

Da aka turo mana ita, na ba ta ajin ƙarshe, yara arba'in da bakwai. Na kuma danƙa mata taswirar bangon da muke da ita, wadda gara ta riga ta cinye Diffa da rabin Damagaram. Ranar farko ta darasin labarin ƙasa ina tsaye a bakin taga ina leƙe, kamar yadda kowane darakta yake yi yana musun yana yi. Yaran suka rera mata sunayen jihohi takwas da Faransanci, babu tuntuɓe. Ta yi murna. Sai ta ce, to, wa zai nuna mata inda Agadas take? Yara arba'in da bakwai suka ɗaga hannu suka nuna rufin aji, don a jikin bango Agadas a sama take. A cikinsu kuwa akwai 'ya'yan makiyaya da suke bin shanu arewa kowace damina, waɗanda ko an rufe musu ido za su kai ka rijiyoyin da ke can. Madam ta dubi rufin, ta dube su, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni dai kunya ce ta kama ni, na bar tagar.

Washegari na ga yara suna gangarowa daga tudu, kowa da dutse a ka. Mako uku ana wannan jigila a lokacin hutun tara. Madam ta auna filin lakwal da ƙafarta, taki talatin daga yamma zuwa gabas, ta shimfiɗa ƙasar Nijar a ƙasa, gabas ɗinta a gabas ɗin da muke salla, arewa a arewar da shanu suke tafiya. Aka jera iyakoki da ƙananan duwatsu. Kowane babban gari aka ba shi dutse guda aka shafa masa farar ƙasa. Duwatsun Azbin aka tara tsibi. Tafkin Cadi wani tsohon daro ne da matata ta daɗe tana nema. Kogin Isa kuwa, babban kogin ƙasarmu, haƙa shi aka yi, wani siririn rami mai lanƙwasa a kusurwar yamma, aka zuba masa gawayi don ya fito sosai.

Daga nan lakwal ta daina zama lafiya. Madam ta raba ajin gida biyu, 'yan Raƙumi da 'yan Albasa, kuma duk ƙarshen darasi akwai wasan bita. Akwai langa: ta kira jiha, ɗaya daga kowane ɓangare ya kama ƙafa ya yi ta tsalle, wanda ya riga isa kuma ya faɗi babban birninta shi ya ci. Akwai kacici-kacici: ina da kogi, ina da shinkafa, ina maƙwabtaka da Mali, wace ce ni? Amma wanda ya haukata yaran shi ne wasan kamiyo. A ɗora wa yaro buhun da babu komai a ciki, a ce gishiri ne daga Bilma za ka kai Maraɗi. Ya tashi yana ƙugi da baki, duk garin da ya taka sai ya faɗi sunansa da abin da ake nomawa ko ake haƙowa a can. In ya kuskure, abokan hamayya su ɗauki ihu, "Ta hwaɗa rami! Ta hwaɗa rami!" Ina ofis ina cike takardu, sai in ji ƙafata tana motsi a ƙarƙashin tebur. Sau biyu na fita da niyyar tsawatawa, na ƙare ina goyon bayan 'yan Albasa.

Ihun nan shi ya kai kunnen Malam Alƙasim, shugaban kwamitin iyayen yara. Dattijo ne mai magana ɗaya, ba ya dariya sai da dalili. Ya same ni a gindin itacen bedi, ya kira ni da Mushe, yadda ake kiran malami namiji a lakwal, ya ce, "Mushe Darakta, uwayenmu dutsi sunka ɗauka. Matanmu dutsi sunka ɗauka. Mun sa ɗiyanmu lakwal don su huta da dutsi, sai ga wagga yarinya ta zaka ta aza musu shi bisa kai. In wasa na, ai akwai dandali. Mi yas sa za mu hana su kiwo su zo su yi langa?"

Maganarsa tana da nauyi, ban iya ture ta ba. Ya fito da wasiƙa daga aljihu, an riga an rubuta, iyaye goma sha huɗu sun dangwala yatsa, ana roƙon masu duba makarantu na Kaita su ɗauke Madam Zuhura su kawo mai koyarwa a cikin aji. Na roƙe shi arziki ya dakata. Da ƙyar muka daidaita: ranar Litinin, mako guda kafin jarrabawar ƙarshen shekara, iyaye za su zo su ga wasan da idonsu, su yi wa yara duk tambayar da suka ga dama. In ba su gamsu ba, ni da kaina zan hau babur in kai wasiƙar.

Da na gaya wa Madam, idonta ya kawo ruwa. Ba zaman Dutsin Ango ne ya fi na ko'ina daɗi ba, ruwan shanmu ma sai an sha tafiya. Amma ta ce in aka ɗauke ta da wannan takarda, duk inda aka kai ta ba za ta ƙara samun zuciyar fitar da yara waje ba. Sai ta share ido ta ce, "Su zaka, Mushe. Ɗiyana sun san ƙasarsu da ƙahwa." Ranar Asabar suka share filin, suka sabunta farar ƙasa, suka ƙara wa kogi gawayi. Lahadi ta tafi Kaita sayen alli, ni kuma na tafi suna a wani ƙauye.

Yanzu sai in gabatar muku da Inna Jaratu. Tsohuwa ce gajeruwa, hannuwanta kamar ɓawon itace. Tun tana da goyo ta shiga aikin furojen Kaita, shirin nan na raya ƙasa, ta yi shekara da shekaru tana jera dutse a kan tuddai don tare ruwan sama, har ta zama ita ke jagorantar matan ƙauyenmu. Duk itacen da kake gani a tudun bayan lakwal, da hannunta a ciki. Jikarta Mardiya tana ajin Madam, ita ce ma shugabar 'yan Raƙumi. Mahaifin Mardiya, Hamza, ɗan Inna Jaratu guda ɗaya tilo, ya tafi cin rani Libiya, shekara uku ke nan bai zo ko da salla ɗaya ba. Yana kira, yana aike, amma tsohuwa ta yi fushi ta daina karɓar wayarsa. Ta ce wanda ke bayan Agadas kaɗan, in yana son uwarsa ai sai ya zo.

Inna Jaratu tana ƙaunar Madam, kullum sai ta aika mata da fura. Sai ta ji a bakin rijiya cewa ranar Litinin za a zo duba aikin Madam, in bai yi ba a kore ta. A duniyar Inna Jaratu, in aka ce za a duba aiki kuma akwai dutse a wurin, to jeren dutsen za a duba. Ta daɗe tana kallon jeren nan tana cizon yatsa, tana kawaici don kada ta kunyata baƙuwa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta ga lokacin kawaici ya wuce.

Litinin da safe na shigo lakwal ina gyara hula, sai na tsaya cak. Babu Nijar. A madadinta akwai rabin wata goma sha biyu, irin ramukan tare ruwa da ake yi a tudu, kowanne an kewaye shi da dutse, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, an jera su tsaf ko injiniya sai haka. Yamai tana cikin wani, Agadas tana cikin wani, Azbin an baje shi. Kogin Isa an cike shi an daddaɓe. Daron Tafkin Cadi an wanke shi an kife a bakin ƙofar ofishina. Madam na tsaye a tsakiya da kwalin alli a hannu, bakinta a buɗe. Yara sun yi cirko-cirko, wasu har sun fara kuka.

Sai ga Inna Jaratu da mata shida a bayanta, sun sha wanka, suna tafe suna murmushi.

"Ɗiyata, kin gani?" in ji ta. "Tun hantsi munka kama, ba mu tashi ba sai la'asar. Ke ɗiyar Madawa ta, ba laihinki na ba, ku can ƙasa kwance take. Dutsi ba a jera shi haka nan awa wasan yara. Ruwan hwari da ya zaka, da dut ya kwashe. Ramin ga kuwa da kinka gina, nan zaizaya za ta kama har ta ci aji. Mun cike shi. Yanzu kowa za ya zaka dubi, shi zaka!"

Ni na rasa abin yi, dariya ko kuka. Kafin Madam ta ce uffan, ga Malam Alƙasim ya shigo da iyaye sun fi talatin, da tabarminsu. Ya dubi filin, ya dube ni, ya taɓa aljihun da wasiƙar take. Na matsa kusa da shi zan roƙi a ɗaga zuwa wani mako, alhali na san ba zai yarda ba.

Madam ta ajiye kwalin alli. Ta je ta durƙusa gaban tsohuwa ta kama hannuwanta biyu ta ce, "Inna, Allah shi saka da alheri. Aikinku ya yi kyau. Amma ina roƙon aron duwatsun ga, zan maido." Ta miƙe ta tafa hannu sau uku, irin tafin da yaran suka sani.

"'Yan Raƙumi! 'Yan Albasa! Yau sabon wasa na. An sace muna ƙasa! Raƙumi, naku arewa da gabas. Albasa, naku kudu da yamma. Ni ba ni cewa komi, ba ni nuna komi. Wanda yar riga gina nashi, shi yac ci. Ku tashi!"

Ta je ta zauna a kan tabarma cikin iyaye, ta naɗe hannu.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Mardiya ta dubi rana, ta tsaya a gindin aduwa ta miƙa hannu ta ce nan ne arewa. Wani ɗan makiyaya ya auna taki talatin yana ƙirgawa da harshen gidansu, sauran suna amsawa da Hausa. Duwatsu suka fara tashi daga hannu zuwa hannu. Ana ihu, ana gardama. "Kai, Zindar ba ta nan, ka kai ta cikin Najeriya!" "Matsa da Tawa, ta matse Doso!" 'Yan Albasa suka rasa abin haƙa kogi, sai suka tono gawayin da hannu suka zuba shi a sarari, ya shigo daga Mali, ya ratsa Tilaberi da Yamai, ya fita ta Gaya. Wata yarinya ta sheƙa ofis ta ɗauko daro. Iyayen da suka zo da fuska a murtuke suka fara miƙa wuya. Wani makiyayi ya tashi tsaye yana yi wa ɗansa tsawa wai ya sa Abalak kusa da yawa, yaron ya ce a'a, ya auna masa, uban ya zauna yana gyaɗa kai. Ni kuwa na manta ni darakta ne, hulata ma ban san inda ta faɗi ba.

Kafin rana ta take tsaka, Nijar ta dawo. Ta ɗan karkace ta wajen Diffa, amma ita ce. 'Yan Albasa suka riga da dutse biyu, suka ɗauki guɗa.

Malam Alƙasim bai yi dariya ba. Ya tashi da sandarsa ya shiga cikin taswirar. Ya yi shekaru yana fatauci, ya san hanya. Ya nuna wani yaro ya ce ya kai shi Gaya daga nan. Yaron ya saɓa buhu ya tashi da ƙugi: Kaita, Tawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, yana faɗin abin da ake samu a kowanne. Ya tambayi wata yarinya ƙasashe nawa suka kewaye mu, ta bi iyaka da gudu tana taɓa kowace, bakwai cif. Ya yi tambaya ta kai goma. Sau ɗaya aka faɗa rami, kuma yaran da kansu suka gyara kafin Madam ta motsa.

Duk wannan abu Inna Jaratu tana gefe, ta kama haɓa. Ta ga an rushe mata aikin yini guda, amma ba wannan ne ya dame ta ba. Ta taso a hankali ta tsaya a bakin iyaka ta ce, "Wai ɗiyata, wanga abu, ƙasa ta? Dut garuruwa na nan ciki?"

"Suna nan, Inna," in ji Madam.

"To ina mu?"

Mardiya ta zo ta kama hannun kakarta ta kai ta wajen wani ƙaramin dutse. "Ga mu nan, Kaka."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon dutsen. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ina ubanki?"

Mardiya ta dubi Madam, Madam ta gyaɗa mata kai. Yarinyar ta ja kakarta suka nufi arewa maso gabas. Taki shida Mardiya ta ce, "Agadas." Tsohuwa ta tsaya, tana zaton an iso. Mardiya ta ce da saura. Suka wuce tsibin Azbin, suka shiga inda babu dutse ko ɗaya sai yashi. Suka yi ta tafiya. "Dirku." Suka ci gaba. Suka tsallake jeren iyaka, suka fita daga Nijar, suka yi ta tafiya har suka kusa shingen lakwal. Nan Mardiya ta tsaya ta ce, "Sabha. Nan Baba yake."

Inna Jaratu ta waiwaya. Dutsen ƙauyenmu yana can nesa, da ƙyar ake hango shi tsakanin ƙafafun mutane.

"Taki guda, tahiyar mi ta?" ta tambaya.

"Kwana biyu a ƙasa, Kaka."

Na ga leɓunanta suna motsi. Mace ce da ta auna tuddai da ƙafa shekara da shekaru, ba ta bukatar a yi mata lissafi. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe, sai ta ce, "Ashe ba ƙi na yay yi ba. Nisa na." Wallahi ni kaina sai da na juya baya na share ido, kuma ba ni kaɗai ba, don rabin matan da ke kan tabarmin nan suna da wani a bayan wata iyaka. Nan take suka tashi, kowa tana jan ɗanta: nuna mini Abijan, nuna mini Legas, nuna mini Tamanrasat. Yara suka watsu da iyayensu a hannu, wasu har wajen shinge.

Malam Alƙasim ya zo kusa da ni ya fito da wasiƙar. Ya jujjuya ta, ya miƙo mini ya ce, "Mushe, bayanta hwari na. Ka ba Madam ta rubuta muna abin da taka bukata." Sai da ya kai bakin ƙofa na ji yana tambayar jikansa a hankali, wai ta ina Makka take.

Madam Zuhura tana nan har yau, shekararta huɗu. An yi sulhu tsakanin labarin ƙasa da aikin furoje: Inna Jaratu da matanta sun ja jeren dutse a saman filin, inda ruwa ke gangarowa, don kada ya taɓa taswira, kuma sun yarda a bar kogin muddin ba a haƙa shi ba. A ranar Litinin ɗin ma, kafin ta bar lakwal, tsohuwa ta koma tudu ta ɗauko wani jan dutse da kanta, ta kai bakin shinge ta dasa, ta ce duk yaron da ya taɓa shi zai gamu da ita. Da yamma ta sa Mardiya ta kira mata waya.

Kowace safiya, in za ta rijiya, sai ta ratso ta lakwal. Ba ta yanke hanya. Daga dutsen ƙauyenmu take farawa, ta bi ta Agadas, ta bi ta Dirku, da tulunta a ka, har ta isa jan dutsen. Ta tsaya ta ce, "Hamza, ina kwana?" Sannan ta wuce ɗibar ruwa.